Ranar da Aka Rushe Gidajen Gonar Baba

Mahaifina tsohon soja ne, kuma ba abin da yake ji da shi kamar wata shuɗiyar hula da ya dawo da ita daga aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasar waje. Ya yarda har zuciyarsa cewa duniya tana da doka. In rediyo ya ce wata babbar ƙasa ta tasar wa ƙarama, sai ya kaɗa kai ya ce, "Ba za a bar su ba. Akwai masu hanawa, ai da ni aka yi." Mu kuwa mu yi ta dariya a ɓoye, don Baba ko faɗan kajin gidanmu bai iya rabawa ba.

Gonarsa tana bayan Keffi. Da Abuja ta cika ta fara tumbatsowa wajenmu, wani mai gina rukunin gidaje ya ɓullo da takarda, wai gonar tasa ce. Ranar da ya kawo katafila, dawa ta fara fitar da kai. Baba ya saka hular, ya je ya tsaya a gaban motar. Ina wurin. Yaran mutumin suka ɗauke shi cak kamar buhun masara suka dire a bakin hanya, ɗaya ya kaɓe hular ta faɗa taɓo. Mutumin ya sauke gilashin motarsa ya ce, "Baba, masu irin hular nan ma yanzu bama-bamai ake zuba musu, kowa na gani a talabijin. Je ka huta."

Ban yafe ba, ban kuma taɓa nuna kamar na yafe ba. Muka yi ta zaryar kotu har ƙafar Baba ta gaza, ya kwanta. In rediyo ya kawo labarin sabon yaƙi, sai ya juya fuska bango.

Bayan shekaru, wani wanda ya fi mutumin ƙarfi ya zo da tasa takardar da 'yan sanda, aka shafa jan fentin alamar rusau a katangun gidajen da aka gina a gonar. Sai ga mutumin da ya ƙwace mana gonar a ƙofar gidanmu a Gangaren Tudu, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Wai yana so Baba ya shaida cewa shi ya sayar masa da gonar.

"Malama, ki taya ni roƙon Baba. Ƙasar nan fa akwai doka."

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

Na bar shi a rana, ko ruwa ban ba shi ba.

Ranar rusau na nemi izini a makarantar da nake koyarwa, na ɗaura zanen biki, na sayi rake, na sami dutse na zauna. Duk katangar da ta faɗi sai in gatsa raken. Wallahi na ji daɗi, kuma har yau ba na jin kunyar faɗa. Kafin in tashi, motocin sabon mai wurin sun fara sauke bulo da yashi.

Na dawo gida na zayyana wa Baba komai, har yadda mutumin ya ɗora hannu a ka yana kuka. Ya saurara, ido a rufe. Can ya yunƙura ya tashi zaune, abin da ya daɗe bai yi da kansa ba.

"Kin gani? Na ce miki ba za a bar su ba. Yaushe za a ce mu koma? Damina ta kusa."

Na ce masa sai an kwashe ɓaraguzai tukuna. Ya ce in nemo masa irin dawa mai kyau.