Mai Jarumi a Cikin Waya

A rumfar cajin Nababa, bakin kasuwar Minjibir, Barira tana tsaye da matacciyar waya, tana son jin yadda maigidanta ya kwana a asibiti. Mai ya yi tsada, janareta ba ya daɗewa, ga wani baƙo ya kame soket ɗin da ya rage. Magidanci ne, wuyansa kamar sillen kara, faso ya cinye dugadugansa. Amma jarumin da yake wasa da shi a waya, ƙirji kamar rumbu.

Baƙon ya ce, "Sun cuce ni, Nababa. Da sara ɗaya nake kashe dodo. Maƙeran wasan sun rage wa takobina ƙarfi, yanzu kowa dukana yake."

"Kai ka zuba komai a takobi, ka bar jarumin ba sulke," in ji Nababa.

Barira ta san irinsa. Su ne masu shuke gona kaf da gyaɗa, ko kunya ɗaya ta gero babu, in ruwan sama ya ɗauke, iyali su kwana da yunwa. Wataƙila a wayar kaɗai yake cin nasara. Ina ruwanta?

Ta ce wa baƙon, "Malam, ka ji tsoron Allah. Naka in ya mutu tashi yake. Nawa yana gadon asibiti."

Ya dube ta, ya zare cajarsa.