Matacciyar kazar Isufu

Shekara bakwai ke nan da muka rufe yayana Isufu a Dakoro. Mai zanen alluna ne, da tambarin shaguna, da takardun da ake manna wa kaya. Ya fara da buroshi, ya ƙare da odinatar, wato kwamfuta, amma halinsa ɗaya bai sauya ba: ba ya miƙa aiki sai ya kai shi kasuwar dabbobi, ya tare wanda bai taɓa shiga lekwal ya yi boko ba, ya tambaye shi abin da ya gani. In amsa ta kauce, ya yage ya sake. Masu ba shi aiki sun sha yin fushi da wannan jan ƙafa.

A haka ya gano cewa ƙoƙon kai da ƙasusuwa da ake bugawa a buhun irin geron da aka cuɗa da maganin ƙwari ba ya tsorata kowa. Wata tsohuwa daga Kornaka ta ce masa ai maganin ciwon ƙashi ne. Ya dawo gida ransa a ɓace, ya zana kaza a mace, ƙafafu sama, kusa da ƙwaryar tsaba. Muka yi ta yi masa tsiya, muna cewa duk karatunsa a kaji ya ƙare. Kazar nan kuwa ta shiga ƙauyuka, har yara sun san buhun da ke ɗauke da ita na shuka ne, ba na tukunya ba.

Bayan rasuwarsa masu sayar da iri suka koma buga takardunsu a Maradi. Sun fi sheƙi, sun fi araha, ga Faransanci layi-layi, ga ƙoƙon kan ya dawo. Ba wanda ya kai su kasuwa ya tambayi kowa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. A farkon daminar bara, lokacin da rumbuna suka ƙare, aka kawo mana wata mata daga wajen Roumbou da ɗanta ƙarami, yana ta amai. Ragowar iri ta daka ta yi masa kunu. Ta ce ta ga launin ja a jikin tsabar, ta wanke ta sosai. Yaron bai kai la'asar ba. Da na tambaye ta ko ba ta duba buhun ba, sai ta ɗago kai.

"Na duba, malama. Har juya shi na yi. Babu kaza, shi ya sa na ce wanga na ci ne."

Ban gaya mata wanda ya zana kazar ba. Na fita bayan ɗaki na yi kuka.

Ina yawan tambayar kaina abin da Isufu zai ce. Na san ba zai tsaya zagin kowa ba, buroshi zai nema. Allunansa sun koɗe, shagonsa ya zama wurin cajin waya. Abin da ya rage nasa shi ne yardar da mutane suka ba zanensa, kuma har yau da ita suke juya buhu kafin su ɗora tukunya. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan yaron.