Jar Motar da Nata'ala Ya Ɗaga wa Baya

A Dutse, in ka ce Nata'ala Sifirin, babu direban kasuwa da zai tambaye ka wanne. Rumfarsa tana bakin hanya kafin a shiga Limawa, fallen kwano huɗu ne a gindin darbejiya, kuma aikinsa ɗaya ne tal: bayan mota. Inji bai dame shi ba, gyaran wayar mota kuwa cewa yake aikin ragwaye ne masu tsoron baƙin mai. A kawo masa a-kori-kura da buhunan gero suka durƙusar, ya kwance sifirin, ya ƙara mata ƙarfe biyu ko uku, ya mayar. Sai ya yi gwajin da ya gada wurin maigidansa: ya tara ƙarti su hau baya, shi kuma ya koma gefe ya tsuguna, ya kanne ido ɗaya. In mota ta miƙe sambal da nauyi a kanta, to an gama.

Abin taƙamarsa guda ne, kuma ya ishi kowa da shi: shekara ashirin da shida ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Da maganar nan yake ci. Tun da aka ba Jigawa jiha, samarin kanikawa suka kwararo daga Kano da alluna masu fenti da riguna masu aljihu goma, amma direbobi ba su bi su ba, saboda wannan magana guda. Shi ma ya san duk ranar da ta karye, rumfar ta tashi.

Wata Alhamis cikin damina, shekara biyar da samun jiha, wata jar mota mai ƙofa biyu ta shigo tana gurnani, cikinta har yana shafar ciyawa. Mai ita Abdulƙadir ne, wani matashin ma'aikacin sakatariya mai son a sani, wanda ya yo ta daga Kwatano. Wanda ya fara hawanta a can ƙasar waje shi ya kwantar da ita haka da gangan, ya sa mata tayoyi masu faɗi don gudu. Motar da mutum biyu kawai za ta ɗauka, ko ƙullin barkono ba shi da wurin zama, wai ita ake wa wannan ɗagawar kai.

"Baba, ranar Asabar zan je wani ƙauye bayan Aujara gaida iyayen yarinyar da nake nema," in ji Abdulƙadir. "Hanyar burji ce, bayan yana gogar ƙasa. Yatsa biyu kawai nake so ta tashi."

Ya buɗe but ya ɗauko wata 'yar sifana mai kama da lauje. "Akwai zobe a ƙasan kowane sifirin. Da wannan ake juya shi, sai ta hau kaɗan kaɗan."

Nata'ala ya karɓa da yatsa biyu kamar an miƙo masa mushen ɓera. Ransa ya ɓaci ƙwarai, wai yau sa'an ɗan cikinsa ne yake koya masa bayan mota.

"Ɗan nan, kafin a yanke maka cibi nake ƙarƙashin mota. Je ka ofis ka ci gaba da buga hatimi, ka dawo gobe bayan Juma'a."

Ya cilla sifanar cikin tsohon garwan da yake tara matattun notuna.

Da ya sa jak ya leƙa, dariya ce ta kama shi. Sifirin siriri, gajere, an shafa masa rawayan fenti kamar warwaron amarya. Zoben kuwa ko taɓa shi bai yi ba. Ya tuɓe su duka biyu, ya je wurin masu kayan gwangwan ya samo na fijo mai dogon baya, irin wanda yake ɗaukar mutum tara da kayansu, ya sa mai walda ya datse, ya cusa da guduma da ashar. Da aka sauke jak, motar ta tsaya hanci a ƙasa, gindi a sama, kamar akuya tana shan ruwa a kwatami.

Jaji, direban motar kaya ƙirar kanta, wanda ya daɗe yana kawo masa aiki, yana zaune a benci. Ya ce, "Maigida, anya ba ta yi tsayi ba?"

"Kai ma? Yaushe aka taɓa auna mota ba kaya? Kira mai faci da mai shayi ku hau."

Ƙarti uku suka ɗare kan but, ƙarfen yana kuka. Bayan ya sauka, mota ta miƙe sambal. Nata'ala ya tsuguna ya kanne ido, daɗi ya cika shi. Ko kusa bai zo masa a rai ba cewa wannan mota ba za ta taɓa ɗaukar ƙarti uku a baya ba. A saninsa duk abin da ke da taya huɗu don kaya aka yi shi, in bai ɗauka yau ba zai ɗauka ran kasuwa.

Abdulƙadir da ya zo ya gan ta ya yi turus. "Baba, yatsa biyu na ce."

"Na ba ka taƙi guda, kyauta. Za ta zauna da kanta."

Abdulƙadir ma da yake sakarai ne, kuma sabuwar shaddarsa tana jiran Asabar, sai ya ja abarsa ya tafi.

Ba ta zauna ba. Bayanta, da babu nauyi a kansa, ya yi ta tsalle a kan burji kamar ɗan maraƙi, a wata kwana kuma da Abdulƙadir ya taka birki, gindin ya wuce hanci, motar ta juya sau biyu ta faɗa gonar dawa. Allah ya tsare, goshi kawai ya fasa, amma gaisuwar surukai a ɗakin shan magani aka ƙare ta.

Ranar Lahadi da hantsi, direbobi sun cika rumfar, kantar Jaji ta tsaya a bakin hanya da jar motar ɗaure a bayanta, ganyen dawa maƙale a tayoyi. Abdulƙadir ya sauko da bandeji a ka. Bai yi zagi ba, abin da ya fi ciwo ke nan.

"Baba, ga aikinka na dawo da shi. Sifanata kawai nake so, da sifirin ɗina."

Nata'ala ya durƙusa gaban garwan nan yana tonon notuna a gaban kowa, kunya kamar ƙasa ta tsage. Da ya miƙa sifanar da sifirin nan masu rawayan fenti, idonsa ya kai bayan kantar, wadda shi ya ƙara wa ƙarfe bara. Ga mota sukutum a kanta, amma ko gezau.

"Ku duba dai," ya ce. "Ku duba yadda ta miƙe. Aikina ne wannan."

Babu wanda ya duba. Jaji ya tada kantarsa ya tsallaka titi da jar motar zuwa garejin samarin nan masu riguna, direbobi biyu suka bi shi a ƙafa don ganin yadda ake juya zoben. Ba a yi rabin sa'a ba aka mayar mata da sifirinta, aka juya zoben, aka gama. Sauran ma suka tashi ɗaya bayan ɗaya, aka bar Nata'ala da benci.