Ustad Jumman, Mai Mayar Mana da Garuruwanmu

Kullum da hantsi, idan kwale-kwalen unguwarmu ta Rehri sun fita kamun kifi, Ustad Jumman Mallah yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar shagonsa, ya jera gwangwanayen fenti, ya sa a kawo shayi kofi uku. Ɗaya nasa, biyu na shaidu. Bana ya ajiye buroshi, ba don ya so ba, idanunsa ne suka gaza.

Mu mutanen bakin kogin Sindh ne. Teku ta cinye garuruwanmu ɗaya bayan ɗaya, muka tattaro komatsanmu muka raɓe a gefen Karachi, ko hoton gida babu wanda ya riƙo. Jumman, da asalin sana'arsa zanen furanni ce a jikin kwale-kwale, shi ya fara zana mana garuruwan a kan katako. Amma da sharaɗi: sai 'yan gari biyu sun zauna, bakinsu ya zo ɗaya a kan kowace bishiya da kowane lungu. "Mutum ɗaya, kewa ce ke magana da bakinsa," in ji shi. Ranar da ya gama namu, mahaifiyata ta zo gani, sai da ta tuɓe takalmi kafin ta matso kusa.

Dillalan zane sun ji labari, ba a rasa su ba. Wani attajiri, Seth Feroz, ya zo daga Clifton, unguwar masu kuɗi, da ƙatuwar mota, ya ƙura wa wani allo ido.

"Sain," ya ce, wato ranka ya daɗe, "hannunka akwai kyau. Amma ka ƙara jan faɗuwar rana, ka share maƙabartar nan. Masu hali ba sa son kabari a falo."

"Kakan mutumin can ne kwance a wurin," in ji Jumman, yana nuna ɗaya daga cikin shaidun. "Teku ta ɗauke shi sau ɗaya, ni ba zan ɗauke shi na biyu ba."

Kada a ce waliyyi nake yabo. Ya zana wa Seth ɗin teku da jirage da rana ja jawur ba iyaka, da su ya ciyar da gida, yana zanawa yana tsaki. Garuruwan ne kawai ba su taɓa shiga kasuwa ba.

Abin da ya daɗe yana damuna shi ne, garinsu, Goth Sumar, bai zanu ba. Su biyu suka rage daga can, shi da yayarsa Hajran, kuma sun ƙi daidaitawa a kan rijiyar gari.

"Adi," yakan ce mata, wato yaya a harshenmu, "gabas da masallaci take."

"Ji shi! Ni na ɗebi ruwanta, kai kana wasan ƙasa da majina a hanci. Yamma take."

Haka suke tun ina yaro. Bara likita ya ce masa ganin da ya rage ba zai kai baɗi ba. Sai ya sauko. Ya zana garin kaf, fuskarsa kamar za ta taɓa katakon, ya sa rijiyar a yamma. Da ƙyar ya ƙarasa.

Ina wurin aka kawo Hajran. Ta daɗe tana kallo, sannan ta fashe da kuka.

"Ada, ɗan'uwana, gabas take. Na sani tuntuni. Tsoro nake ji ka gama, a daina zancen garinmu."

Wallahi duk mun san ba ya gani balle ya gyara. Shi kuwa sai ya yi dariya, ya lalubo hannunta.

"Bar ta nan, Adi. Gobe ki zo mu ɗora daga inda muka tsaya."

Kai ne, Ustad, ka ba marasa gari wurin nuna wa jikokinsu da yatsa. Ba ka taɓa sa sunanka a ƙasan allo ba, sunan garin kake sawa. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya sanyaya maka idanu. Ku kuma yaranmu masu zane, ba a hana ku kasuwa ba, kowa da cikinsa. Amma tsofaffin suna ƙarewa, ku je ku zauna gabansu tun suna iya musu.

Allon na nan rataye a shagon, rijiya a yamma. Jiya na wuce na iske su biyu a gindinsa, yanzu Hajran ce ke cewa gabas, shi kuma ya kafe a kan yamma.