Telan da Ya San Ƙugun 'Ya'yanmu

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana, Malam Garba, telan da ya ƙare rayuwarsa yana ɗinka wa yaran Jega kayan makaranta. Duk sanda hutu ya zo ƙarshe nakan tuna shi, tef a wuya, durƙushe gaban yaro.

A zamaninsa ramar yara ce damuwarsa. Wando ba ya zama a ƙugu sai da mazagi. In an kawo yaro daga ƙauye irin Karaye ko Andarai ya ga haƙarƙari a waje, sai ya aika a sayo masa fura kafin ya taɓa yadi.

Ni ma abin ya zo kaina. Ɗana Nasiru yana aji uku na kai shi awo. Yaya ya zagaya tef, ya duba, ya sake zagayawa.

Ya ce, "Hauwa, wanga yaro ya yi tsawo, amma ƙugunai bai kai na bara ba. Ki kai shi asibiti."

Na ce ƙiriniya ce kawai. Ya ce to ba zai ɗinka ba sai na kai shi. Na fita da fushi, amma na kai. Ashe tsutsar ciki ce ke cinsa, har jininsa ya yi ƙasa. Aka ba shi magani, kafin kaka ya murmure.

Yau Nasiru magidanci ne, yana noman albasa a Aliero. Ɗansa Abba kuwa, tubarkalla, ƙiba har tana hana shi sunkuyo. A babur ake kai shi makaranta, a aljihunsa biskit, a hannunsa lemon roba, in ya dawo sai waya. Bashir, ɗan marigayin da ya gaji keken ɗinkin, ya ce mini yaran cikin gari da dama yanzu sai ya ƙara musu yadi, na ƙauye kuwa ramar na nan.

Nakan ce da Yaya zai ga Abba, me zai ce? Na san da farko dariya zai yi ya gode wa Allah, don ya ga yunwa da idonsa. Daga baya kuma zai tambaya ko yaron yana iya gudu.

Shi ya sa na sa baki. Yanzu in an yi la'asar, Nasiru kan tafi da shi gona ban ruwa. Farko da kuka yake zuwa, yanzu shi ke riga ubansa fita.

Yaya bai bar dukiya ba. Abin da ya bar mana shi ne sa ido a kan ɗan kowa kamar naka, da faɗa wa uwarsa gaskiya ko za ta yi fushi. Na yi fushin, ga shi ina riƙe da jika. Allah Ya kai haske kabarinsa.