A Buɗe Ni a Gani

Ranar Talatar, ƙarfe bakwai babban ɗana ya biyo ya gaishe mu, ya sha shayi a tsaye kamar kullum. Takwas ya buɗe shagonsa na gyaran keken ɗinki. Sha ɗaya na leƙa, na tarar ya warware wani keke a kan tire, kowane noti a jere. Ƙarfe ɗaya muka zauna cin abinci, loma ta tsaya masa a ƙirji. Ya kora da ruwa, ruwan ya dawo.

"Saurin me kake yi?" na ce.

"Baba, wata biyu ke nan."

A asibiti aka gano ciwon daji ne a maƙogwaro, can ƙasa kusa da ciki. Shekararsa arba'in da ɗaya. Teloli suna kiransa Injiniya, domin ba ya taɓa gyara keke ta waje. Ko zare kawai yake tsinkewa, sai ya buɗe shi gaba ɗaya.

Likitar tiyata ta shimfiɗa mana hanya biyu. Ko a tsaga ƙirji da ciki, ko a yi ƙananan huda a zura kyamara da siraran ƙarafa. Ta ce ta biyun ta fi sauƙi ga huhu, amma duka biyun babban aiki ne. Na kwana uku ina karatu a kai, na ce masa ya zaɓi hudar.

Ya yi dariya. "Baba, ta ramin mabuɗi za a gyara ni? Ni da ko keken mutane ban yi wa haka ba? Likita, a buɗe ni a gani."

Matarsa ta ce, "To Injiniya, kai keke ne?"

"Tsoho ma kuwa."

Ina da sauran magana a bakina. Na dubi yadda ya saki jiki, karo na farko a mako shida, na haɗiye ta. Ya sa hannu.

An cire ciwon duka. Rana ta huɗu huhunsa ya kamu, rana ta tara da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Na tambayi likitar ko hudar da ta tsirar da shi. Ta ce ba ta sani ba, ta ga irin haka ta kowace hanya. Ban sake tambayar kowa ba.

Tufafinsa ƙannensa suka raba. Injin markaɗen da matarsa ta saya don abincin jinya, a kwalinsa muka bai wa wani majinyaci na ɗakin da aka kwantar da shi. Takardun asibiti kuma matar tasa ta kawo mini a leda, har da abin da na kwafo a karatuna, na ja layi da jan biro. Abin da na kwafo ɗin na ƙona. Takardar da ya sa wa hannu na ajiye.