Ɗigo Uku a Gindin Langa

Takalma na fara gani. An jera su a ƙofar gareji kamar a bakin masallaci, sai na tsaya ina mamaki, don ban taɓa ganin garejin da ake cire takalmi kafin a shiga ba. Na cire nawa na makaranta na tura su can gefe, saboda sun sha tafiya tun daga unguwarmu Giginyu. Babu mota a ciki. Dogayen tebura ne cike da kofuna da filasai na rabon biki, ga sanyin na'ura, ga wani ɗan ƙauri kamar na ashanar da aka kashe yanzu.

Langar Umma na rungumo a cikin tsohon zani. Asalinta ta Kaka ce, wadda ta haifi Umma. A da jere ne guda, daga babba har ƙarama, farare masu shuɗin fure. A unguwarmu ba a hana aron kwano ranar biki ko suna, shi ya sa kowace mace take sa wa nata alama da jan farce a gindi. Ta Kaka ɗigo uku ce da ɗan layi a ƙarƙashinsu. Sai dai jan farce ba ya jure wanke-wanken gidan biki. Da zarar alamar ta goge, kwano ya bi wani gida ke nan. Haka jeren ya ƙare bayan rasuwar Kaka, sai wannan ɗaya da Umma ta ɓoye a kabad. Yanzu kuma maƙwabciyarmu, wadda ta tsaya mana lokacin rasuwar, ta roƙi aronta don bikin 'yarta. Umma ba za ta iya hana ta ba.

Umma ce ke yi wa wannan gida na Nassarawa girki idan suna da taro. A nan ta ji cewa 'yar gidan, wadda ta karanta injiniya, tana da na'urar leza mai rubutu a jikin ƙarfe da haske, rubutun da ba ya gogewa. Shi ne ta aiko ni bayan an tashi daga makaranta.

Na gaishe da 'yar gidan a hankali, wadda Umma ta ce in kira ta Anti, na miƙa mata langar. Anti ta kwance zanin, ta kifa ta, ta ƙwanƙwasa da farce.

"Me za a rubuta? Ko a gida kika baro bakin?"

Na nuna mata alamar. Ɗigo ɗaya ya riga ya ci rabi.

"To, ga matsala," in ji ta. "Wannan ba irin filasan nan ba ce. Ƙarfe ne a ciki, amma farin nan gilashi ne aka lulluɓe shi da shi. Idan wuri ɗaya ya yi zafi gefensa na da sanyi, tsagewa yake yi."

Na so in ce ta ba ni in koma da ita.

Anti ta leƙa waje ta ƙwala wa maigadinsu kira. "Baba! Ara mini kofin shayinka."

Dattijon ya shigo da wani tsohon farin kofi irin jikin langar, bakinsa duk ya ɓantare. "Hajiya ƙarama, me kofina ya yi miki? Tun daga ƙauye muke tare da shi, ya girme ki."

"Ado zan yi masa."

"Ni da shi mun wuce ado," in ji shi, amma ya ajiye, ya ja kujera ya zauna wai zai yi gadinsa.

Ta ba mu tabarau masu duhu muka saka. Sannan ta nuna mini wata lamba a kwamfuta. Ta ce hasken ba a miƙe yake fita kamar na tocila ba, ƙifta-ƙifta yake yi. Akwai wata 'yar fitila a cikin na'urar da kwamfuta ke kunnawa tana kashewa, wani sashe kuma yana ƙara wa hasken ƙarfi. Lambar ita ke faɗa wa fitilar tsawon kowace ƙiftawa, kuma da kashi ɗaya cikin biliyan na sakan ake auna shi. Na kasa kwatanta wannan a raina.

"Kin taɓa ganin Ummanki ta ɗauki garwashi da hannu ta jefa a kaskon turare?"

Na gyaɗa kai.

"Ta ƙone?"

"A'a."

"In ta riƙe shi tana hira fa? Haka wannan. In ƙiftawar ta yi tsawo, zafi zai samu lokacin ratsawa ya bazu. In gajera ce, sai ta taɓa saman kawai ta wuce."

Ta fara da doguwar a gindin kofin. Na'urar ta yi wani siririn kuka. Da ta ɗago shi, ga ɗigo baƙi mai ƙonannen gefe, wasu 'yan tsage kamar silin gashi sun fita daga jikinsa. Baba ya yi salati. Anti ta rage lambar sosai, ta rage ƙarfin, ta sa hasken ya bi wuri ɗaya sau da yawa a hankali. Ɗigo na biyu bai fito sosai ba. Ta sake gyarawa. Sai a na huɗu ya fito ruwan toka, gefensa sumul. Ta kama yatsana ta ɗora a kai, ko ɗumi babu.

"Kin mayar mini da kofi zabuwa," in ji Baba.

Da ta ɗora langar, na runtse ido a bayan tabarau ina addu'a. Kukan bai daɗe ba. Na buɗe ido na ga ɗigo uku da ɗan layi, kusa da na Kaka. Har karkacewar layin ta kwaikwaya, don Kaka da hagu take rubutu. Anti ta ɗaga ta a gaban fitila, ta juya ta ko'ina, babu tsaga. Ta yi wa murfin ma ba tare da na ce ba.

"Yanzu ko da yashi suka dirje ta, gida za ta dawo," in ji ta.

Har yau ina jin nauyin yadda ta bar tulin aikinta ta ɓata yamma guda a kan kwano ɗaya. Na yi ta shirya godiya a raina, ban samu wadda ta isa ba.

Sai na ga ta jiƙa auduga da ruwan goge farce, ta ce bari ta share tsohon jan tunda an gama da shi. Ban san lokacin da na riƙe gefen langar ba. Muryata ta fito da ƙarfin da ya sa Baba ya waiwayo.

"Don Allah Anti, a bar jan. Kaka ce ta sa shi da hannunta."